Kabo da Finafinansa na Faransa

Duk unguwar Rusaifa ta Makka babu wanda bai san Kabo mai gyaran mukayyif ba. Idan na'urar sanyinki ta mutu ana tsakiyar zafi, shi za ki kira. Zai zo ya gyara, ya sha shayi, sannan ya ba ki labarin fim ɗin da ba ki tambaya ba. Ni Ɗaso na san shi tun shekarar da ya zo Hajji daga Damagaram ya manta hanyar komawa, kamar yawancinmu.

Tun yana saurayi ciwon fim ya kama shi. Akwai wani gidan Faransawa a garinsu da ke nuna tsofaffin finafinai, ya riƙa shiga wai don ya ƙara Faransanci. Ni dai na ce fanka ce ta kai shi. Yanzu da furfura ta cika masa gemu, a waya yake kallo. Ya taɓa nuna mini ɗaya. Baƙi da fari ne, ba rawa, ba waƙa, ko mari babu. Namiji da mace na zaune suna ta surutu kan ko ya dace su so juna, har shayina ya huce. Daga ƙarshe matar ta ɗauki jakarta ta hau jirgin ƙasa. Na tambaye shi ko yanke sauran aka yi, ya ce ai nan daɗin yake: mutum ya so abu, amma ya fi ƙarfin zuciyarsa. Na ce Allah ya ba Faransawa lafiya.

Da matarsa ta rasu aka kwana biyu, sai Kabo ya fara jin wata ƙara a mukayyif ɗin Mas'uda, bazawarar da ke sayar da fura a layinmu. Na'ura lafiyarta ƙalau, shi kaɗai ke jin ƙarar. Ya duba, ya dawo bakin ƙofa ya tsaya yadda ya kamata, ya sha fura, ya ba ta labarin fim. Neman auren ke nan.

Abin da ya manta shi ne, mu nan idan babba ya ba ki labarin wasu, da ke yake. Mas'uda ta yi ta saurare, ta ga kowane labari da rabuwa yake ƙarewa, sai ta gane cewa mutumin kirki ne ke gaya mata cikin ladabi ta cire rai. Dama ɗanta Muhannad ya daɗe yana roƙon ta bar fura ta koma wajensa a Jidda. Ta ce masa ya zo da mota ranar Juma'a.

Ban sani ba sai da ta kawo mini ƙorenta da ludaya wai kyauta, ido jawur. Na ja mayafi na nufi shagon Kabo, na zayyana masa komai. Sukundireban hannunsa ya faɗi.

"Iya, ni fa yabonta nake. Ina nuna mata irin son da ke da kunya ne."

"Kunyar taka ta ɗaure mata kaya. Babu fim ɗaya da ya ƙare da ɗaurin aure?"

Ya yi ta laluben waya, ya ce waɗanda ke da aure a farko ake yin sa, kuma ba ya ƙarewa lafiya. Na ce to ya ƙirƙira.

Ranar Alhamis bayan La'asar ya zo ƙofar Mas'uda da sabuwar hula, ni kuma na kafa kujera wai inuwa nake sha. Ya fara ba ta labarin wani Bafaranshe mai gyaran mukayyif a birnin Faris, gumi na zuba masa.

Mas'uda ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ita matar, fura take damawa?"

"Wani abu dai mai kama da ita."

"Jirgin ƙasan fa, Malam Kabo?"

Ya yi ta gyara hula har na fara neman takalmin da zan jefe shi da shi. Can ya ce, "Ya tafi babu ita. Mutumin ne ya roƙe ta ta zauna."

Ta ce masa yayanta yana unguwar Shisha, ya san gidan da zai tura manyansa. Sannan ta juyo ta ce in mayar mata da ƙorenta.

Muhannad ya zo ranar Juma'a, ya ci abinci, ya koma shi kaɗai. Yanzu Kabo da Mas'uda tare suke kallon finafinan. Idan surutun ya yi yawa, har ɗakina nake jiyo Mas'uda tana gaya wa Bafaranshen ya tura manyansa a huta.