Rahamatu Lado, Matar Da Ta Ƙi Katse Layi

Ƙarfe shida saura kwata na kowace ranar aiki Hajiya Rahamatu Lado ke fitowa daga gidansu a Zangon Agege, jaka goye a baya irin ta 'yan makaranta, hijabi iya gwiwa, wandon aiki a ƙarƙashinsa. Ta sayi burodi mai zafi a bakin titi, ta shiga motar haya ta danfo a gindin gadar Pen Cinema, ta sauka Ojota, ta sake kama wata. Kwandastan da ya yi mata tsiwa da Yarbanci, da Yarbancin take rama masa, har fasinjoji su fashe da dariya. Kafin takwas ta isa jami'ar da take aiki. Ta gaisa da Abdou, mutumin Maraɗi da ke gadin babbar ƙofa, ta wuce wani ɗan ɗaki mai sanyin tsiya a bayan cibiyar kwamfuta, ta zauna gaban allo tana duba ginin da ya tashi da intanet da wanda ya tashi babu.

Shekara talatin da biyar ke nan tana bin wannan hanya, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. A unguwa, idan ka tambayi abin da take yi, sai a ce maka, "Ai aikin ofis take." A jami'ar kuwa, sunanta bai taɓa fitowa a takardar yabo ba. Shi ya sa za a faɗe shi a nan, da babbar murya.

Da keken rubutu ta fara, tana buga wasiƙun da wasu suka rubuta. Da kwamfuta ta shigo, abokan aikinta suka riƙa kewaye ta kamar abin tsoro, ita kuwa ta mayar da lokacin cin abincin rana lokacin koyo. Da aka zo shimfiɗa wayoyin intanet a gine-gine, ta bi masu aikin tana riƙe musu tocila, tana jero tambayoyi har suka gaji suka fara ba ta amsa don su huta. Ta zauna jarrabawar ƙwarewa ta faɗi, ta sake zama ta ci. Lokacin da intanet marar waya ya iso, wanda kowa ke kira waifai, babu wanda ya san cikin silin ɗin makarantar kamar ta. Fararen akwatunan nan da ke maƙale a saman azuzuwa suna watsa sabis, da yawansu hannunta ne ya ɗaura su. Ɗalibai suka laƙaba mata Iya Waifai, sunan ya bi ta.

Ɓangaren da ta ɗauka shi ne wanda kowa ke gudu. Waya da kwamfutar hannu ba su da wahala: mai su ya rubuta sunansa da kalmar sirri, ya shiga. Amma jami'a cike take da na'urorin da ba su da wurin rubuta komai. Akwai firinta da akwatin talabijin na ɗakunan kwanan ɗalibai. Akwai na'urar da makafi ke karatu da ita ta hanyar shafawa. Akwai manyan firji na ɗakin bincike, waɗanda ke aika saƙo wayar mai su da zarar sanyinsu ya fara raguwa. Duk wanda irin wannan na'ura tasa ta ƙi hawa layi, sai a ce masa, "Je ka wajen Iya."

A bara waccan ne aka gwada ta. Wata kyamarar tsaro mai araha da wani ya maƙala a ɗakin kwanan ɗalibai ta faɗa hannun ɓarayin intanet, suka bi ta cikinta suka toshe layin makarantar baki ɗaya, ana tsakiyar rajistar sabuwar shekara. Kwana biyu ɗalibai na layi a rana. Sabon daraktan cibiyar, wanda bai fi wata huɗu a kujerar ba, ya sha faɗa daga sama, ya sauko da zafinsa. Ranar Laraba ya tara ma'aikata ya karanta hukunci: ranar Juma'a da tsakar rana, duk na'urar da ba ta iya shiga da suna da kalmar sirri, a katse ta. Ya dubi Rahamatu.

"Madam Lado, ke za ki aiwatar."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai. Ita kuwa hankalinta ya riga ya tafi hawa na uku na ginin kimiyyar lafiya, inda Dakta Folake Oyelaran ke ajiye jinin masu ciwon sikila da ta shafe shekara tara tana tattarawa. Rahamatu ta san wasu daga cikin masu jinin. Ita ta raka Dakta Folake gida-gida a Agege tana yi mata tafinta, har iyaye suka amince aka ɗebi jinin 'ya'yansu. Idan aka katse layin firjin nan, ranar da ya lalace babu wanda zai ji labari sai komai ya narke.

Ta miƙe tsaye. "Oga, ba zan katse ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan katse ranar Juma'a ba. Gaskiyarka, akwai ɓaraka, kuma dole a toshe ta. Amma ka san abin da ke kan layin nan? Ni na sani. Ka ba ni kwana goma in buɗe wa waɗannan na'urori layinsu na daban, wanda ko ɓarawo ya shiga ba zai iya tsallakawa wajen takardun jarrabawa ba. In bi su ɗaya bayan ɗaya, in rubuta lambar da kowace ta fito da ita daga masana'anta, da sunan mai ita. Wadda ba ta da mai ita, da hannuna zan cire ta."

Daraktan ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "An gaya mini da buga wasiƙu kika fara a nan."

"Ba a yi maka ƙarya ba, oga. Shi ya sa nake karanta takarda har ƙarshe kafin in yi aiki da ita. Wannan taka ba ta ce komai game da firjin jini ba, ba ta ce komai game da makafi ba. In kana so a katse, ga allo can, ka danna da kanka, ka sa hannu da sunanka."

Kafin la'asar takardar tuhuma ta iso teburinta: ta yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ba za a hukunta ta ba kan ƙin bin umarni. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kuma ba a taɓa sa mata ko ɗigo a fayil ba. Da ta koma gida, mijinta Malam Ƙasimu ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye.

"Hajiya, ba za ki ba shi haƙuri kawai ba? Kin kusa fita lafiya."

"Malam, haƙurin me zan ba shi? Da bakina na gaya wa matan unguwar nan cewa jinin 'ya'yansu na hannun amana. In na katse, da wane ido zan kalle su a wajen suna da biki?"

Ya miƙa mata takardar, ya ce, "To, rubuta amsarki. Allah Ya tsaya miki."

Amsar ba ta ƙunshi roƙo ko ɗaya ba. Jeri ne na na'urori, da ginin da kowace take, da abin da zai faru idan ta rasa layi. Dakta Folake ta ɗauki kwafi ta hau har ofishin mataimakin shugaban jami'a, ta ƙi zama sai da aka karanta. Washegari daraktan ya kira Rahamatu. Bai ce ta zauna ba.

"Kwana goma. In layi ya sake tsayawa ko na minti ɗaya ne, ke za ki amsa."

"Na ji, na yarda."

Abdou ya shaida abin da ya biyo baya, don ta gabansa take wucewa. "Wallahi na yi gadi a wurare da yawa," in ji shi, "ban taɓa ganin irinta ba. Damina ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga ta nan da tsani a kafaɗa, ta naɗe kwamfutarta a leda. Na ce, 'Hajiya, kawo in ɗaukar miki.' Ta ce, 'Abdou, in ka bar ƙofa wa zai tsare ta? Kowa ya riƙe tasa.' To, sai na koma kujerata ina jin kunya."

Sashe-sashe ta bi, ɗaki-ɗaki. Ta durƙusa bayan firji, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta karanta lambobin da suka kusa gogewa. A ɗakin karatun makafi ta zauna da kowane ɗalibi har sai da ya shafa na'urarsa ya ce mata, "Ta hau, Iya." Kuma kada wani ya ɗauka daraktan kaɗai ta yi wa taurin kai. Wani babban farfesa ya ce lallai kyamarar ofishinsa da akwatin talabijin ɗinsa su zauna a layin ma'aikata, don a cewarsa ya fi sauri. Ta ce a'a. Ya tambaye ta ko ta san da wa take magana.

"Na sani, ranka ya daɗe, ni na buga takardar ɗaukarka aiki. Amma irin wannan kyamarar ce ta tsayar da makaranta kwana biyu. Layin na'urori za ta hau kamar ta kowa, ko kuma ka mayar da ita gida."

Layin na'urorin ta hau.

A rana ta goma, da tsakar rana, Rahamatu ta zauna gaban allo ta rufe wa na'urorin tsohon layin da hannunta. Sama da na'ura dubu sun koma sabon layi. Firjin Dakta Folake ya ci gaba da aika saƙonsa, makafi suka ci gaba da karatu, rajista ba ta ko girgiza ba.

Sai dai ta manta guda ɗaya. A can bayan gonar makaranta akwai tafkin kifi, inda Sabi'u, mai karatun digiri na uku, ya sa na'urar auna iskar da ke cikin ruwa. Ba ta san da ita ba, shi ma yana ƙauye wajen jana'iza lokacin da take zagaye. Kwana uku na'urar ba ta aika komai ba, iska ta yi ƙasa, kifin tafki ɗaya suka mutu, aikin wata huɗu ya tafi. Babu wanda zai iya gano laifin wa ne in da ta yi shiru. Ta taka har gonar, ta same shi tsugune a bakin ruwa.

"Sabi'u, ni ce. Na zagaya gine-gine, ban zagayo gona ba. Ka yafe mini."

Ta koma ta rubuta hakan a rahotonta, ta sa hannu, ta kuma rubuta wa sashensa wasiƙa har aka ƙara masa lokaci. Da ta ji za a yi wannan rubutu a kanta, sharaɗi ɗaya ta kafa: "In ba za a sa maganar kifin ba, kada a rubuta komai."

An sa, Hajiya.

A ƙarshen shekarar, rahoton jami'a ya yabi "sabon tsarin rajistar na'urori da cibiyar kwamfuta ta ɓullo da shi." Babu sunanta. Takardar tuhumar tana nan cikin fayil ɗinta har yau, ba wanda ya janye ta, ita ma ba ta nemi a janye ba.

To, su riƙe rahotonsu. Mu mun san abin da muka sani.

Ke ce, Rahamatu 'yar Lado, kika tsaya a ɗakin da maza masu manyan digiri suka sunkuyar da kai. Ke ce kika ce a'a ga na sama da ke, kika ce a'a ga mai neman alfarma, sannan kika ce "ni ce" ranar da kuskuren ya zama naki. A garin nan da wasu ke ganin Bahaushe bai wuce gadin ƙofa da tura baro ba, ba ki taɓa raina mai gadi ko mai baro ba, kuma ba ki bar kowa ya yanka miki iyakar inda za ki tsaya ba. Likitoci sun fita daga makarantar nan, injiniyoyi sun fita, an buga binciken da aka karanta a ƙasashen da ba ki taɓa zuwa ba, duk ta kan layin da kike tsare da shi, kuma yawancinsu ba su san fuskarki ba.

Mun gode, Iya. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa bayan hawa tsanin nan na shekaru, Ya sa hutunki ya yi albarka, Ya saka miki da abin da ofis ba ya iya bayarwa.

Ku kuma 'yan matan Agege da na Obalende da na Ikorodu, da iyayen da ke cewa aikin na'ura ba na mace ba ne, ku je ku gan ta tun tana da ƙarfin ba ku amsa. Ƙofarta a buɗe take. Duk wanda aka danƙa wa wani aiki, ƙarami ko babba, ya san shi ciki da waje, har ya kai ranar da za a ba shi umarnin da zai cutar da mutane, ya iya miƙewa ya faɗi dalili. Za a harare ka, za a iya rubuta maka takarda. Ka miƙe duk da haka. Wata mata daga Zango ta yi, kuma ga ta nan za ta fita ta babbar ƙofa, kanta a sama.