Malam Barau, Fatoman Da Ya Tsaya Sallamar Baƙi

Duk wanda ya bi ta Kafin Dafga da hantsi zai tarar da Malam Barau Mu'az ya share zaurensa tas, ya shimfiɗa tabarmi, ya jera butoci cike da ruwa, ya zauna yana kallon hanya. Da wuya wani ya zo, sai awakin maƙwabta da ke leƙowa ya kore su. Matarsa Adawiyya takan tsokane shi da cewa ya bar Kumasi, amma Kumasi ba ta bar shi ba. Gaskiyarta, hannu ne ya saba. Ƙuruciyarsa duka a zangon Kumasi ta ƙare, can ƙasar Gana, yana aikin fatoma: ya sauki fatake da 'yan ci-rani, ya nemo musu masu saye, ya yi musu tafinta, ranar tafiya ya raka su tasha. Mutanen Ƙaraye da Rogo kuwa kafin su rufe baki daga sallama ya karɓe musu jaka.

Akwai ƙa'ida guda da Barau ya riƙe fiye da kowa a sana'ar: maigida ba ya tafiya ya bar baƙo a ɗaki. Ita ce ta yi ta cinye masa zuwa gida. Duk shekara sai ya aika wa mahaifiyarsa, Inna Tani, cewa bayan Sallah yana tafe, kafin Sallar ta zo wasu baƙin sun sauka. A shekarar korona aka gaya masa idon tsohuwa ya rufe, jiki ya yi nauyi, ya haɗa jaka da gaske. Yana shirin tashi sai ga ayarin mutanen Rogo da na Daurar Ƙaraye. Ya ce bari ya sallame su tukuna. Kafin su sayar da abin da suka kawo aka garƙame iyakoki, aka sa dokar kulle.

Waɗanda suka yi wannan zama har yau suna ba da labari. Kasuwa ta tsaya, masallatai a rufe, ga ƙasar wasu, ga yaren da ba sa ji. Barau ya kwance tsarabar da ya yi wa Inna, shinkafa da manja, aka cinye a tsakar gida. Da ta ƙare, Adawiyya ta koma dafa dokunu, tuwon masarar nan mai tsami na mutanen can. 'Yan Rogo da suka rantse ba zai wuce maƙogwaronsu ba, su ne suka koma suɗe ganyen da aka naɗe shi. Da labari ya zo an yi ruwan shuka a gida, manya da gemu suka yi jugum. Barau ya miƙa musu wayarsa, kowa ya kira ƙaninsa ya gaya masa gonar da za a zuba gyaɗa.

Kai ne, Malam Barau, da aka sassauta kulle ka bi direbobin motocin albasa masu komawa Nijar, kana roƙon kowanne ya ɗauki baƙonka guda a matsayin yaron mota, tunda kaya kawai aka yarda su ƙetare. Kai ne ka yi ta rakiya kana dawowa, jakarka na rataye a ƙusa tana kallonka. Uban baƙi, ba ka taɓa tambayar mutum ɗan wane ne ba kafin ka ba shi ruwa.

Aka wayi gari saura mutum ɗaya, Halliru, wani makiyayi daga Falgore da ya rako shanu, ya kwanta ciwo, ya tashi da ƙyar. Gurbi kuma a motar da za ta tashi saura ɗaya. Halliru da bakinsa ya ce maigida ya tafi, shi ya jira ta gaba. Barau ya ƙi. Ya ƙulla farin goro a ganye ya damƙa masa, ya ce ya fara biyawa ta Kafin Dafga ya kai wa Inna.

Halliru ya cika alkawari. Tsohuwa ta shafa goron, ta sansana, sannan ta ce, "Yaro, akwai sauran baƙo a gidan nasa?"

"Babu, Inna. Ni ne na ƙarshe."

"To, alhamdu lillahi. Yanzu zai taho."

Ta sa aka riƙa shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure kullum. Amma cutar ta sake tashi, aka tsananta bincike a hanya, direbobi suka daina ɗaukar kowa. Kafin hanya ta buɗe, an kai Inna Tani makwancinta. A waya Barau ya karɓi gaisuwar uwarsa, a gidan da babu baƙo ko ɗaya.

Abin da ya fi ciwo, cikin waɗanda suka ci shinkafar Inna, Halliru kaɗai ke zuwa gaishe shi tun da ya dawo gida gaba ɗaya. Shi ne ya taɓa tambayarsa ko yana da-na-sanin ba shi gurbin. Barau ya ce, "Ba naka nake ji ba, Halliru. Shekarun da hanya ke buɗe ban zo ba, su ne ke cina."

Mun gode, Malam Barau. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haɗa ku a masaukin da babu sallama. Masu iyaye a raye, ku ɗauki karamcinsa, amma kada ku jira bayan Sallah. Ku kuma da kuka kwana a ɗakinsa, Kafin Dafga ba nisa. Ku je ku yi sallama. Zauren da yake sharewa kullum, shi ne wanda uwarsa ta zauna jiransa.