Kwanbatar da Ta Ci Hannun Yayana

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni direba ne mai jini a jika, ina jan a-kori-kurar gidanmu a tsakanin ƙauyukan Makarfi, Kudan da Ikara. Motar ba tawa ba ce ni kaɗai. Bayan rasuwar mahaifinmu ne ni da yayana muka haɗa abin da muka gada muka saye ta, shi yana noman rake da wake a wajen Gazara, ni kuma ina kan sitiyari. Mai giyar otomatik ce, irin wadda direbobin ƙauye ba su cika so ba, amma ta rufa mana asiri. Lokacin rake in kwaso daga fadama, lokacin tumatir in yi Ikara, ranar kasuwa kuwa har awaki ba na bari.

Wata shekara, gab da kaka, sai motar ta fara karkarwa idan za ta tashi, daga baya ma ta ƙi gaba sam. Bakanikenmu ya sauke giyabos ya ce kwanbata ce ta mutu, wato wani dunƙulallen ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa wa juna, wanda ke zaune tsakanin inji da giya yana miƙa ƙarfin inji ga tayoyi. Yaya ya ce in tafi Zariya in sayo irin wadda aka cire. A shagon kayan gyara, mai shagon ya ajiye min guda biyu. Ɗaya ta hannu ce, daidai da tamu. Ɗayar sabuwa fil a kwali, ba kamfanin motar ne ya ƙera ta ba. Ya ce masu son mota ta zabura ke saka irinta, domin tana barin inji ya ɗauki zuga sosai kafin ta kama, sai motar ta fizga kamar doki. Ba zan ɗauki alhakin mutumin ba, ya gaya min tana dafa man giya, kuma duk wanda ya saka ta sai ya ƙara ɗan ƙaramin lagireto na sanyaya man, musamman mai ɗaukar kaya. Amma ni hankalina ya riga ya tafi hawan fadama, inda motar kan yi ta nishi da lodin rake har sai masu sara sun taru sun tura. Na ɗauka ƙarfi na samu. Na kira Yaya a waya na yi masa bayani da zumuɗi. Sai ya ce, “To ƙanena, kai ne direba, kai ka san ta.”

Bakanike ya jujjuya ta ya ce za ta shiga, amma shi bai taɓa ɗaura irinta ba. Na faɗa masa maganar lagireto, na ce a bari sai an gama aikin kaka. Aka ɗaura.

Idan babu kaya, motar ta zama abin kallo. Ina taka totur sai inji ya yi ruri, ta zabura, abokai a tasha su yi ta tafi suna min kirari. Da kaya kuwa labari ya sha bamban. Inji na ihu, tafiya kaɗan, man tanki na ƙarewa kamar ana tsiyaye shi. Ƙasan motar ya riƙa yin zafi har ina jin sa ta cikin takalmi, wani wari kamar na ƙonannen tuwo yana shigowa. Man giyar da na sani ja wur ya koma kalar shayi. Duk na gani, amma na riƙa ce wa kaina sabon abu ne, zai saba.

Ranar da abin ya faru, Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya nemi mu kai masa harawa kasuwar Makarfi. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, da sanda yake tafiya. Muka lafta harawar har ta ninka tsayin motar, muka ɗaure da igiya. Baffa ya zauna a gaba kusa da ni, Yaya ya hau can saman kaya. Rana ta take, hanyar kuma yashi ce da ramuka, dole sai a hankali, kuma daga baya na gane irin wannan jan ciki da nauyi shi ne abin da kwanbatar ta fi tsana. Muna cikin tafiya sai wani mai babur ya biyo mu yana danna ham, yana nuna ƙasan motar da hannu yana salati. Man giya ne ya tafasa ya yi ambaliya a kan salansa, wato bututun hayaƙi, ya kama da wuta. Ina tsayawa, wutar ta miƙe ta lashi harawar da ke reto a gefe.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa na fita ba. Na sami kaina a cikin wata gona ina haki, sai da na waiwaya na tuna Baffa yana ciki. Yaya ne da ya diro daga sama, bai ko tsaya duba ƙafarsa ba, ya zagaya wajen ƙofar Baffa. Igiyar ta riga ta ƙone, dammunan harawa masu ci da wuta suna zubowa a kan rufin. Ya sa hannun damansa ya ture wani dami da ya tare ƙofar, ya kama marfin ya fizge, ya rungumo Baffa ya jawo shi waje. Lokacin da na iso, hannun rigarsa na ci da wuta. Ni da mai babur muka kayar da shi muka yi ta watsa masa yashi. Mutanen gonaki sun sheƙo da bokitai, amma ina, harawa ba ta jiran ruwa. Muna tsaye motar ta zama ƙwarangwal.

Baffa bai samu ko ƙwarzane ba. Yaya kuwa ya daɗe a asibiti a Zariya, ina zaune a gefen gadonsa ina kallon yadda yake cije baki idan ana wanke ciwon. Na yi ta jiran ranar da zai yi min faɗa, ban same ta ba. Da na kasa daurewa na roƙe shi gafara, sai ya ce shi ma ai an tambaye shi ya amince, kuma abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa, in tashi in samo masa ruwan sha. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu motar wani nake ja. Abin da na koya shi ne, kowane ƙarfe da aikin da aka ƙera shi dominsa, abin da ya dace da mai neman burge jama'a bai dace da mai ɗaukar kaya da rayukan mutane ba. 'Yan'uwana direbobi, idan za ku canja wani abu a mota, ku tambayi don wane aiki aka yi shi, kuma ku saurari maganar mai sayarwa har ƙarshenta, ba inda ta yi muku daɗi kaɗai ba. Idan mota ta fara zafi da wari, magana take yi, ku tsaya.

Yaya ya warke, yana zuwa gona, sai dai yatsun hannun damansa sun ƙanƙance ba sa miƙewa. Kusa da shi nake tsayawa a sahu. Duk lokacin da muka zauna tahiya, ina ganin yadda yake ƙoƙarin ɗaga manuniyarsa, ita kuwa ta ƙi tashi.