Harouna Mai Fiyano da Zabiyar Bromakoté

A unguwar Biafra ta Treichville aka haifi Harouna, cikin gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakiya. Mahaifinsa mutumin Tahoua ne, ya zo Abijan tun yana saurayi, ya yi ta sayar da takalman roba a bakin kasuwa har gemu ya yi fari. Burin tsohon bai wuce ɗansa ya gaji teburin ba. Shi kuwa Harouna kunne Allah Ya ba shi. Wani ɗan Ghana da ke kiɗa a gidan rawar da ke bayan layinsu ne ya koya masa fiyano, kafin a ankara ya shiga ƙungiyarsu. Ranar da labari ya kai ga uban, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To, Allah Ya shirya." Amma daga ranar, in ya yi baƙi daga gida, ba ya kiran Harouna ya zo ya gaishe su.

Ƙungiyar tana da manyan sifikoki, kowace kamar kabad ɗin amarya, sai an ɗauko mota da ƙarti kafin a motsa su. A 1997 rigima ta raba makaɗan, mai kayan ya kwashe abinsa, aka bar Harouna da fiyanonsa kaɗai. Fiyano kuwa in ba sifika, a cikin taron mata sautinsa bai fi kukan sauro ba.

A wannan zaman kashe wandon ne ya haɗu da Zalihatu. Zabiya ce a Bromakoté, can cikin Adjamé, 'yar Dogondoutchi. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya, ya bar ta da yarinya ɗaya, Lailatu. Duk bikin Hausawa ko suna a unguwar ita ake kira, domin tana waƙa da Hausa, ta juya Dioula, in ta hango 'yan matan da aka haifa a nan sun yi tsuru-tsuru ta jefa musu Faransanci su kwashe da dariya. Tsohon da ke mata kalangu ya koma gida, ta rasa makaɗi. Da aka nuna mata Harouna a wani ɗaurin aure, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai akwatin Turawan nan? Yana jin Hausa?"

"In aka yi masa magana a hankali, Tanti."

"Ba ni ce tantinka ba. Ka zo ran Asabar mu gani."

Kafin Asabar ɗin ya sayar da babur ɗinsa, ya nufi shagon Alhaji Nu'uman, wani Bakano mai shigo da kayan lantarki a Adjamé. A can ya ga wasu sifikoki biyu sababbin yayi, waɗanda 'yan Abijan ke ce wa baf. Kowace ba ta wuce jarkar manja ba, kuma na'urar ƙara sautin a cikinta take. Ka soka wayar wuta, ka soka wayar fiyano, shi ke nan. Ya ɗaga ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ya ji zai iya shiga gbaka da su, ƙananan motocin hayan nan na gari, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Wasansu na farko abin kunya ne. Ya ajiye sifikokin da ya sayo a ƙasa, dab da Zalihatu, ya murɗe su har ƙarshe. Tana kai makirfo baki suka saki wata ƙara mai tsinka kunne, jarirai suka fashe da kuka, akuyar sunan ta nemi tsinke igiya. Da ƙarar ta lafa kuma kiɗan ya danne muryarta gaba ɗaya. Ta tsaya cak, ta juyo gaban jama'a ta ce, "Malam, ni aka gayyato ko akwatinka?"

Bai yi fushi ba. Ya koma ya zauna da kayan nan kamar mai koyon karatu. Ya gano tsakar gidan haya ba filin rawa ba ne, bango huɗu ne ke mayar da sauti, kaɗan ma ya isa. Ya koyi kife turmi ya ɗora sifika a kai don sauti ya wuce ta saman ɗankwalayen mata, ya sa ta gaba da mai waƙa don kada ta yi kuka. Ya ware ɗaya ga muryar Zalihatu, ɗaya ga fiyano, kuma kullum tata ce a sama. Ya zauna da kaset ɗin kalangu har ya iya sa fiyanon ya yi wani abu mai kama da shi. Tsofaffi suka ce ba kalangu ba ne, amma dai suka tashi suka taka.

Shekara ba ta zagayo ba Harouna da Zalihatu suka yi aure. Ta girme shi, mutane suka yi ta magana, ita kuwa ta mayar da maganar waƙa ta rera musu a bikin 'ya'yansu. Har ta bar duniya ba ta kira shi da sunansa ba, Mai Fiyano take ce masa. Allah bai ba su haihuwa ba, Lailatu ce tasu, ita ma Baba take ce masa.

Duk wanda ya zauna Bromakoté a shekarun nan ya san su. Bayan azahar za ka gan su sun fito, ita a gaba da leshi da jakar wayoyi, shi a baya yana tura wotoro, amalanken katakon nan, fiyano a naɗe cikin bargo, sifikokin a gefe da gefe. In wasan a Treichville ne sai su hau mota su haye gada. In an ɗauke wuta ana tsakiyar biki, ba ta tsayawa, sai ta ajiye makirfo ta ci gaba da muryar da Allah Ya ba ta, shi kuma ya yi mata kiɗa a bayan kujera da tafin hannu. Da yaƙi ya ɓarke a 2002, bukukuwa suka ragu, shingaye suka yawaita a hanya, ana tsare Harouna a tambaye shi takardar zama a garin da aka yanke masa cibiya. Duk da haka mutane ba su daina haihuwa ba, su ma ba su daina zuwa suna ba.

Wajen 2009 muryarta ta fara dushewa. Da farko ta ce mura ce, ta sha citta da zuma. Daga baya ya zama in ta ɗauki waƙa sama sai ta karye a hanya. Sai Harouna ya riƙa sauke kiɗan ƙasa kaɗan-kaɗan yadda za ta kai ba da wahala ba, ya ƙara wa sifikarta, ya rage tasa. Yana tsammanin ba ta lura ba, sai wata rana suna hanyar komowa ta ce, "Mai Fiyano, in ka ci gaba da saukewa, wata rana a rijiya za mu yi wasa."

Da ƙyar ta yarda suka je asibiti. Likita ya ce wani abu ne ya tsiro a maƙogwaro, sai an yi aiki, kuma ta daina waƙa tun yanzu. A bakin ƙofa ta ce wa mijinta, "Ya ce in yi shiru. In na yi shiru me na zama?" Aka sa ranar aiki, aka ɗaga, aka sake sawa. Sai ga rikicin zaɓe ya taso a ƙarshen 2010, komai ya tsaya.

Wasansu na ƙarshe a Biafra ne, sunan jikar wata ƙawarta, a watan Fabrairu. Ya roƙe ta kada ta je, ta ce ta yi wa uwar yarinyar waƙa ranar aurenta, ba za ta ƙi 'yarta ba. Ta fara lafiya. Ana tsakiyar waƙar mai jego sai murya ta ɗauke ɗif, bakinta yana motsi, ba abin da ke fitowa. Harouna ya murɗa sifikarta har ƙarshe, ba abin da ta fitar sai numfashi. Matan suka dubi juna. Sai wata tsohuwa ta ɗauki baitin daga inda ya tsaya, sauran suka amsa, suka kai waƙar har ƙarshe, shi yana bin su a hankali, kansa a sunkuye. A mota ta jawo kunnensa ta raɗa masa, "Ka ji su? Ashe sun haddace."

Watan Maris ya zo da harbe-harbe. Kasuwar Adjamé da ba ta taɓa yin shiru ba ta koma kango, motocin haya suka ɓace, mutane suka kulle kansu a gida suna cin abin da ya rage. Zalihatu ta daina haɗiye tuwo, sai kunu, daga baya sai ruwa. Wata safiya a farkon Afrilu numfashinta ya koma fito. Harouna ya shimfiɗa katifa a kan wotoro, shi da Lailatu, wadda a lokacin ta zama budurwa, suka ɗora ta suka fita.

Ƙaramin asibitin unguwa a rufe yake da kwaɗo. Suka nufi babban titi. A mararraba suka tarar da shinge, samari da bindigogi, ba ka iya cewa na wane ɓangare ne. Harouna ya ɗaga hannu sama, ya yi musu Faransanci irin nasu na 'yan gari.

"Ku dube ta, matata ce. Asibiti kawai za mu."

Ɗaya daga cikinsu ya leƙa, ya kawar da kai. "Tonton, ko mun bar ka, ba za ka kai ba. Gaba wuta ce. Ka koma."

"To ku bar ni in gwada."

"Da yarinyar nan? Ka koma, na ce."

Ya dubi Lailatu, ya dubi titin da hayaƙi ke tashi a ƙarshensa. Sai ya ji an ja hannun rigarsa. Zalihatu ce, tana nuna masa hanyar gida da yatsa. Ya juya wotoron.

Kafin la'asar ta cika, kanta a cinyar 'yarta, shi yana mata fifita da murfin kwali. Washegari da harbi ya ɗan lafa, maza ƙalilan suka kai ta makwancinta da sauri suka dawo. Matar da ta cika gidajen mutane da jama'a, zaman makokinta bai tara mutum goma ba. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta taga suna cewa, "Yako, Tonton," wato sannu kawu, su koma ciki.

Bayan gari ya lafa ne wani baƙin cikin ya same su. Lailatu ta ce, "Baba, ina so in ji muryar Inna." Ya tashi zai ɗauko, sai ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Ba su da ko kaset ɗaya. Shekara da shekaru suna cewa za su shiga ɗakin ɗaukar waƙa a Treichville bayan Sallah, kowace Sallah kuma da bikin da ke jiransu.

Sai ya shiga bin gidajen da suka yi wa wasa, yana tambayar bidiyon biki. Wasu sun gudu Nijar ko Ghana ba su dawo ba. Wasu an fasa musu ɗaki an kwashe har tabarma. Wasu auren ya mutu, an jefar da kaset ɗin. Duk inda ya shiga sai an yi kuka, a ba shi ruwa, a ce ya yi haƙuri. Ya shafe damina yana yawo kafin wata Hajiya Ladidi a Biafra ta zaro masa kaset ɗin auren 'yarta na 2001 daga ƙasan akwati.

A ɗakinta suka kalla, shi da Lailatu. Muryar ta fito garau, cikakkiya, kamar ta leƙo daga tsakar gida. Amma mai ɗaukar hoton, amarya aka kira shi ya ɗauka. Ya nuna amarya, ya nuna lallen ƙawaye, ya nuna tukwanen shinkafa da gwala-gwalan dangin ango. Lailatu ta matsa har gaban talabijin tana cewa, "Juya mana, don Allah juya." Sau ɗaya hoton ya gifta ta gefen da suke. Aka ga kafaɗar Zalihatu da hannunta riƙe da makirfo, shuɗin leshi, sai wata mata ta tashi rawa ta tare. Hajiya Ladidi ta mayar baya, suka sake kallo, ta sake mayarwa, har Harouna ya ce ya isa.

Ya kai aka juye a faifai biyu. A ƙarshen shekarar Lailatu ta ce za ta Dogondoutchi wurin kakarta, wadda ba ta taɓa jin 'yarta tana waƙa a Abijan ba. Ya raka ta tasha a Adjamé, ya sa mata faifai ɗaya cikin jaka, ya tsaya har motar ta fita daga cunkoso. Ta ce za ta dawo bayan wata biyu. Can dangi suka riƙe ta, shi ma bai matsa ba.

Harouna ya ci gaba da zama a ɗakinsu na Bromakoté, yana gyaran rediyo da sifikokin mutane a ƙofar gida. Faifansa yana nan, bai sake kunnawa ba. Da bukukuwa suka dawo, mata suka riƙa zuwa suna cewa akwai wata yarinya mai murya a Treichville, ya zo ya yi mata kiɗa ko sau ɗaya ne. Yakan saurare su har su gama, ya yi wa amarya addu'a, ya ce su gaida gida.