Jan Haƙoran Gwaggo Ladi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Har yau in na ga mace ta rufe baki da gefen mayafi za ta yi dariya, sai na tuna da ita.

Furen taba na rina haƙora da goro take sayarwa a kasuwar Bakori, bakinta kuwa shi ne tallarta. Haƙoran nan jawur, mata na gani sai su ce a ba su irin wanda take gogawa. Ashe jan fure ne ya ɓoye mana jinin da dasashinta yake zubarwa. Ni ina koyarwa a Funtuwa a lokacin, sai da na ga tana tauna goro da gefe guda na gane akwai matsala. Da ƙyar da magiya na sa ta a mota muka je asibiti.

Mai duba haƙori ya leƙa, ya ce datti ya daskare a gindin haƙoran kamar ƙanzo, yana cin dasashi. In aka kankare yanzu za su tsaya, in aka bari za su zube. Ta hau kujera. Ƙarfen kankarewar na kusantar bakinta ta cafke hannunsa.

"Likita, jan zai fita?"

"Zai fita, Inna."

"To wa zai sayi fure a hannun mai farin haƙori?"

Ta diro, ta gyara ɗaurin zane. Na roƙa, na yi faɗa, ina! Wallahi ranar na ji haushinta.

Kafin kakar auduga haƙora biyu na gaba sun fara girgiɗi. Ta ɗaure su da zare, suka tafi duk da haka. Ta koma goga goro a magogi, ta daina zuwa kasuwa.

Yau ma'aikata na zuwa a wanke musu haƙora ba ciwon komai. Da ta gani, na san cewa za ta yi iyayi ne, amma ba na jin za ta hana kowa. Domin a ciwonta na ajali ta kira ni, ta tambaya ko mutumin nan mai ƙarfe yana nan. Na ce yana nan. Abin da ya rage mini nata ke nan, maganar da ta yi a kan 'yarta:

"Kai masa Asabe. In ta yi maka gardama, turo ta nan in buɗe mata bakina."