Tarkunan da Ya Bari a Kwadon

Sana'ar maigidana kama ɓerayen daji ce, kuma da ransu. Kunya nake ji in faɗa a gidan biki. Malaman jami'a ne suka ɗauke shi aikin. Da yamma ya ɗana ƙananan akwatunan ƙarfe cikin ciyawa a bayan garin Kwadon, ya sa ƙuli-ƙuli a ciki, da sassafe ya koma ya auna abin da ya shiga, ya ɗiga masa shuni a wuya, ya sake shi. Nakan ce, "Malam, kai kaɗai ne mafaraucin da nama ke cinye masa abinci ya yi tafiyarsa." Sai ya yi dariya. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: kada hantsi ya tarar da akwati a rufe, don ƙarfen kan yi zafi ya gasa dabbar da ranta.

Wata Laraba ya ɗana tarkunan, ya dawo gida unguwar Manawashi yana dafe da ƙirji. Bayan sallar asuba ya cika.

Ana yi masa wanka, mata sun yi maƙil a tsakar gida, ni kuwa rana nake kallo tana hawa katanga. Na riƙe hannun goggonsa na ce, "Goggo, tarkunansa na can a rufe."

"Yi salati, 'yar nan," ta ce. Na ji wata a bayana tana raɗa wai mutuwar ta taɓa mini kai.

Na yafa mayafi zan fita, aka tare ƙofa, wai ina aka taɓa ganin mai takaba a daji saboda ɓera. Raina ya ɓaci, har na ɗaga wa dattijuwar da ta tare ni murya. Na aika wa ƙanen Malam da ya san wurin. Yana maƙabarta, daga nan sai zaman makoki. Kowa ya ce to, ba wanda ya motsa. Kukan da na yi a kwanakin nan, wallahi ban san nawa ne na Malam, nawa ne na halittun da ke jiran ya zo ya buɗe musu ba.

Sai bayan sadakar uku ƙanen ya tafi. Ya dawo da buhu, ya ajiye a ƙofar ɗakina, bai ɗaga kai ba.

"Matar Yaya, kwantar da hankalinki. Ba abin da ya shiga ko ɗaya."

Na kwance buhun. Akwatunan an wanke su tas, sai ƙamshin sabulu suke, ruwan ma bai bushe ba. Na yi masa godiya.