Takabar Matar Baffana

Matar Baffana 'yar ƙasar Romaniya ce. Can ya je karatun injiniya ya dawo da ita, tun ba a haife ni ba. Mutanen Kurfi Baturiya suke ce mata, mu 'ya'yan gida kuwa Inna. Na tashi na same ta tana tuƙa tuwon dawa kamar kowa, tana Hausa da wani karin harshe da har yau in na kwaikwaya sai ƙannena sun yi ta dariya.

Lissafi take koyarwa a wata kwaleji a Dutsin-Ma, kullum ta hau motar haya ta je ta dawo. Sai da na zama ɗalibarta na san abin da ta baro a ƙasarsu. Tana dab da gama digirin digirgir Baffa ya aure ta, ta ce bari ta zo ta ga wuri, in ya so ta koma ta ƙarasa. Haihuwa ta zo, aiki ya zo, komawa ba ta yiwu ba. Yaran da ta koyar suka tafi suka dawo ana ce musu Dakta, wasu ma suka zama shugabanninta, ita tana nan a Malama. Abin yana ci mini rai. Ita kuwa ba ta taɓa daina binciken nata ba, ko a ina ta zauna da biro a hannunta.

Shekarar da Baffa ya kwanta ciwo, tsohon farfesanta na can ya same ta a waya. Ya ce jami'a ta yarda ta je ta kare aikinta a gaban malamai, amma ta yi sauri, don shi kaɗai ya rage da zai tsaya mata, kuma jikinsa ya yi rauni. Baffa daga kan gado ya sa aka sayar da waken gonarsa ta Karofi, aka yi biza, aka yanki tikiti. Ban taɓa ganin Inna da fara'a irin ta kwanakin nan ba. Ana gab da tafiya Allah ya yi wa Baffa rasuwa.

Ranar sadakar uku, Gwaggo, yayar Baffa, tana zaune a tsakar gida cikin mata ta ɗaga murya yadda za a ji har ɗaki.

"Ai dama mun sani. Kafin ƙasar kabarinsa ta bushe ta hau jirgi. Yaushe Baturiya za ta zauna takaba?"

Inna ta ji. Da aka watse ta aika aka tambayi limamin unguwa, ya ce mai takaba tana iya fita aiki da rana, amma kwana sai a gidan mijinta har ta gama. Na shiga ɗaki na same ta tana fitar da kaya daga akwatin da ta shirya.

Na ce, "Inna, don girman Allah ki tafi. Mutanen nan ko kin zauna ba gode miki za su yi ba."

Ta ce, "'Yata, tun ranar da na sauka garin nan suke jiran wannan rana. Ba zan bari a ce ya auro wadda ba ta san darajarsa ba."

Na yi faɗa, na yi kuka, har na ce mata Baffa da kansa ya sayar da wake don ta tafi. Ta ce ta sani. Ba wanda ya kulle mata ƙofa, ba wanda ya ɓoye mata fasfo. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, don ban ma san wanda zan riƙe ba.

Tana cikin takaba farfesan ya mutu. Daga baya jami'ar ta ce sai dai ta faro daga tushe da wani malami, a kan sababbin ƙa'idoji, alhali ita ritaya ce a gabanta. Ranar fitar takaba Gwaggo ta kawo mata turmin atamfa tana cewa, "Ashe Baturiyar nan ta yi hankali." Ni ranar ko abinci ban iya ci ba.

Yanzu idonta ya yi yana, ba ta ganin rubutu. Ni ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, iyakar abin da na kai ke nan. Kwanan baya na je gaishe ta, na tarar tana tsince wake a faifai da lalube. Ta ce in zauna, akwai wani wuri a binciken nata da ta daɗe tana shakka, yanzu tana jin ta warware shi a ka. Ta fara bayani tana zane da yatsa a cikin waken. Tun a farko-farko na ɓace, amma na yi ta gyaɗa kai, ga shi ba ma gani take ba.

Da ta gama ta ce, "Daidai ne, ko akwai kuskure?"

Na ce, "Wallahi Inna, ban sani ba."

Sai ta share zanen da tafin hannu, ta ce in miƙo mata ɗaya faifan.